John Lund da Taurarin Cikin Tabki

Duk wanda ya san kududdufan birnin Kano ya ga yadda ruwansu yakan yi kore shar, ya jima haka, sa'an nan koren ya ɓace. Waɗansu ƙananan tsirai ne da ido ba ya gani, dangin gansakuka, ke kawo wannan launi, su ne kuwa tushen abincin kifi. To, me ke sa su yi yawa, me kuma ke kashe su? A kan wannan tambaya wani masani na ƙasar Ingila, John Lund, ya ƙare rayuwarsa.

An haife shi a Manchester cikin 1912. Ya koyi ilmin tsirai a jami'ar garin, sa'an nan ya tafi Landan wurin Farfesa Fritsch, babban malamin gansakuka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana Birmingham, a ɗakin binciken da ke taimakon 'yan sanda, inda ɗan ƙaiƙayi a jikin riga kan zama shaida gaban alƙali. Da yaƙi ya kusa ƙarewa sai ya koma bakin Windermere, tabkin da ya fi kowane girma a Ingila.

Aikin da ya kama can ba na mai garaje ba ne. Tun daga 1945, mako-mako, ko da ruwa ko da sanyi, sai a shiga jirgi a ɗebo ruwan tabki, a sa a madubin ƙara girma, a ƙidaya tsiran. Wanda ya fi sa wa ido shi ne Asterionella, wato ƙaramin tauraro, domin ƙwayoyinsa suna haɗuwa ne kamar tauraro. Kowace shekara idan sanyi ya wuce, rana ta fara daɗewa, sai ya yi ta ninkuwa har ya cika tabkin, sa'an nan farat ɗaya ya mutu. Lund ya nuna dalili. Wannan tsiro yana yi wa kansa ɓawo irin na gilashi, da wani sinadari da ake kira silika, wanda ke cikin yashi, yana kuwa samunsa narke a cikin ruwa. Idan ya zuƙe silikan ya rage kaɗan, ba abin yin sabon ɓawo, sai mutuwa. Yawansa ne ke jawo masa yunwa.

Wannan ba ƙaramin sani ba ne ga masu aikin ruwan famfo, domin irin waɗannan tsirai sukan toshe matatar ruwa. Ita kanta Manchester tun 1894 take shan ruwan Thirlmere, wani tabki na wannan yanki.

Matarsa, Hilda Canter, ita ma masaniya ce. Ta binciki waɗansu ƙwayoyin halitta, dangin funfuna, da ke kama Asterionella su rage yawansa.

Wajen 1970 Lund ya sa aka kafa manyan zobba na roba a wani ƙaramin tabki, Blelham Tarn, faɗin kowane wajen yadi 50, daga saman ruwa har ƙasa. Kowane zobe ya zama tabki mai zaman kansa, a zuba masa taki a ga abin da zai tsiro, kamar yadda malamin gona ke gwaji a fegi.

An zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masanan Ingila, a 1963. Ya rasu cikin 2015 yana da shekara 102. Ƙidayar da ya fara waɗansu suka ci gaba da ita, har ta zama ɗaya daga cikin mafi tsawo a duniya, da ita kuma aka auna yadda taki da ɗumamar yanayi suka sāke ruwan Windermere.