Buhun Shinkafa Tun Tana Ciki Ake Cika Shi

Manomi yakan auna gonar shinkafa da ido. In ta yi kore shar, gindi ya cika da 'ya'ya, sai hankalinsa ya kwanta. Amma yawan abin da zai shiga buhu a ɓoye ake tsara shi, cikin kara, kwana 30 zuwa 35 kafin fure. Wanda ya tsaga karan shinkafa da reza 'yan kwanaki bayan haka zai tarar da wani ɗan farin abu mai gashi-gashi a kan gaɓar ƙarshe, bai kai kan ashana ba. Zangarniya ke nan tana jaririya. Daga ranar har zuwa lokacin da manoma ke cewa shinkafa ta ɗauki ciki, shukar tana ƙayyade yawan ƙwayoyin da kowane kai zai ɗauka, da girman ɓuntun da zai rufe su. Ɓuntu kuwa ba ya ƙara girma bayan fure, ƙwaya sai dai ta cika ɗakin da aka riga aka gina mata. Shi ya sa takin yuriya da aka zuba duka tun farkon dashe yawanci a ganye yake ƙarewa, alhali a farkon cikin nan ne shukar ta fi bukatar kaso na ƙarshe.

Furen ma ba ya jiran kowa. Yakan buɗe da hantsi, ya rufe kafin rana ta karkata, kuma kowane fure da garin kansa yake samun ƙwaya. Zafin da ya haura digiri 35 a waɗannan sa'o'i yana hana garin zuba yadda ya kamata, sanyin dare mai tsanani lokacin ciki kuma yana lalata shi tun bai nuna ba. Mai noman rani a Kadawa ko Bakolori yana tsakanin hunturun Janairu da zafin Afrilu, don haka ranar shuka ba abin wasa ba ce. Zangarniyar da ta tsaya ƙyam ta ƙi sunkuyawa, fanko ce.

Wani zai ce ai shinkafa ruwa kawai take so, in dai gona a cike take shi ke nan. Gaskiyar ita ce jure wa ruwa take yi, domin saiwarta da karanta suna da hanyoyin iska da ke kai numfashi ƙasa. Lokacin fitar da 'ya'ya, ƙasa za ta iya ɗan tsanewa ba a yi asara ba. Ƙishin 'yan kwanaki tsakanin ciki da fure kuwa, ko kogi aka juyo mata daga baya ba ya gyaruwa.

Wani kuma zai ce bayan fure ne ƙwaya ke cika. Haka ne. A cikin kimanin kwana 30 takan tashi daga farin ruwa kamar madara, ta yi kauri kamar ƙullu, sannan ta yi tauri, kuma galibin sitacin daga ganyayen sama yake zuwa, musamman na ƙarshe da ke tsaye kusa da zangarniya. Sai dai ganye ba ya ƙirƙiro ƙwayar da ba a tsara ba, ko da irin FARO 44 ne. Manomi ya raba takinsa, ya ajiye kaso ɗaya don farkon ciki, kuma kada ya bar gona ta bushe har fure ya wuce.