Yana kan kanta a banki, amma bankin bai san da zamansa ba

Duk wanda ya bi ta Audu Bako Way a Nassarawa GRA da sassafe, ya ga samari da 'yan mata sun ci kwat suna sauri su shiga banki, sai ya ce kakarsu ta yanke saƙa. A Facebook ma haka ake cewa: "Ai wane ya warke, a banki yake."

Abin da ba a faɗa shi ne, da yawansu ba bankin ne ya ɗauke su ba. Wani kamfani daban ne ya ɗauke su ya tura su can. Kanta ɗaya, aiki ɗaya, amma albashi ba ɗaya ba, kuma ƙarin girma sai dai su ji ana yi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan bankunan Najeriya 'yan kwantiragi ne.

Wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare shekararsa biyar a haka. Kullum yana yawo a Kantin Kwari da Singa yana roƙon Alhazai su buɗe asusu, don an ɗora masa taget na miliyoyi. Idan bai cika ba, ranar Litinin manaja ya wanke shi tas a gaban kowa. Ya kai ƙara ina? Banki ya ce ba nasa ba ne, kamfanin da ya kawo shi kuwa ko ofishinsa bai taɓa gani ba.

Kuma idan iska ta kaɗa, su ake fara taɓawa. A 2020, lokacin korona, marigayi Herbert Wigwe ya yi maganar rage irin waɗannan ma'aikata a Access Bank, aka yi ta cece-kuce har Babban Bankin Najeriya ya sa baki aka dakatar da kora a bankuna. A watan Yunin 2024 aka soke lasisin Heritage Bank, ma'aikata suka wayi gari ba wurin zuwa. Masu ɗan shekaru kuma suna tuna haɗewar 2005, da bankuna 89 suka koma 25.

Ni dai ban ce kada ka karɓi aikin ba, zaman gida ya fi ciwo. Amma kafin ka sa hannu, dubi saman takardar ka ga sunan wa ke jiki, ka tambayi kwana nawa za a ba ka idan an tashi sallamarka. Abokin nan nawa sai a shekararsa ta biyu ya duba.