Kafin Ka Sa wa Motarka Babban Shokazoba, Fara Duba Mazauninsa

Idan kana da a-kori-kura ko Hilux a ƙasar Tofa, ka san motar ba taka ba ce kai kaɗai. Da rani ita ke kai taki gona. Da kaka ita ke kwaso gero da dawa da gyaɗa daga Yanoko ko Doka ko Lambu ta nufi kasuwar Dawanau. Ranar biki ita ke ɗaukar gado da katifa da 'yan rakiyar amarya. In kuma naƙuda ta kama wata da tsakar dare, ƙofarka za a buga. Yawancin wannan zirga-zirga ba a kan kwalta ake yin ta ba, sai a burtali da hanyoyin da ruwan damina ya zaizaye, ga yashi ga gargada.

Don haka ranar da motar ta fara tsalle kamar akuya, ko bayanta ya riƙa wulli a kwana, wani zai ce maka, "Alhaji, sa mata babban shokazoba kawai ka huta." Shawarar ba ƙarya ba ce, amma rabi aka gaya maka. Ragowar rabin shi ne ke sa mutum ya kashe kuɗi yau, bayan wata biyu ya koma wurin mai walda.

Shokazoba ba ya ɗaukar kaya

Abin da ke ɗauke da nauyin mota da lodinta shi ne sifirin. A bayan Hilux, da ma tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, jerin ƙarafan nan ne masu faɗi da aka ɗaure wuri ɗaya. Aikin shokazoba daban ne: shi ke hana sifirin ci gaba da lilo bayan taya ta faɗa rami. A cikinsa akwai fistin da ke kai da komo cikin mai, yana matsa man ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Wannan matsi shi ke cinye ƙarfin girgizar ya mai da shi zafi.

In shokazoba ya mutu, taya ba ta zama a ƙasa, tsalle take yi. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ashe ba maganar jin daɗin zama ba ce, magana ce ta ko motar za ta tsaya lokacin da yaro ya gifta da garken awaki.

Sannan ka lura da lodi. Irin waɗannan motoci an yi su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, har da kai da yaron mota. Buhun masara kilo 100 ne, ka yi lissafi da kanka. In ka saba ɗora buhu ashirin, babu shokazoban da zai cece ka, ko daga wace ƙasa ya fito.

Yadda za ka gane ya gaji

Leƙa ƙarƙashin motar. In ka ga mai ya jiƙa jikinsa, ƙura ta manne ta yi baƙi, ya fara yoyo. Duba tayoyi: in sun ci rami-rami, nan tudu can kwari, alamar tsalle ce. Danna gefen motar da ƙarfi ka saki, in ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu kafin ta tsaya, akwai magana. Wata dabarar kuma, bayan ka yi tafiya a gargada, ka tsaya ka kai bayan hannunka jikinsa a hankali. Mai aiki zai yi ɗumi. Wanda ka ji sanyi ƙalau alhali ɗan'uwansa ya ɗau zafi, rataye kawai yake.

Wanne za ka saya?

Babban abokin gabar shokazoba a hanyarmu shi ne zafi. In an daɗe ana girgiza a ranar bazara, man ciki yakan yi kumfa, fistin ya riƙa wucewa fayau. Shi ya sa aka yi mai gas, wanda aka ɗura wa iskar naitirojin don ta danne man ta hana shi kumfa. Mai kauri kuma ya fi ɗaukar mai, don haka ya fi jinkirin zafi. Amfanin babba ke nan, ba ɗaukar kaya ba.

Akwai mai bututu ɗaya, akwai mai biyu. Mai ɗaya ya fi saurin hucewa, amma in dutse ya lotsa jikinsa fistin zai cije. Mai biyu na jure lotsawa, domin fistin na cikin bututun ciki. Sunayen da duniya ta sani sun haɗa da KYB na Japan, Monroe na Amurka, Bilstein na Jamus da Old Man Emu na Ostareliya. Sai dai suna a jikin kwali ba shaida ba ne, jabu ya yi yawa. In za ka shiga Ƙofar Ruwa, tafi da makanikin da ka yarda da shi, ku riƙe tsohon a hannu. Na Beljiyam kuwa ka tuna wani ya riga ya ci amfaninsa. Kuma biyu ake canzawa, hagu da dama tare. Araha ba ta ado.

Tsawo da mazauni: inda ake asarar kuɗi

Mutanenmu da yawa sukan ƙara ƙarfe a sifirin don motar ta ɗaga. Da zarar ta ɗaga, tsohon awon ya ɓaci. In shokazoba ya yi gajere, duk sanda taya ta sauka rami zai miƙe ya ƙure, ya fizgi mazauninsa. In ya yi tsawo, zai dunƙule ya ƙure kafin motar ta sauka kan robar nan da aka sa don tare duka, sai nauyin mota da buhunan duka su sauka a kan ƙarfen da ba a yi shi don haka ba. Ko ta wace hanya, ƙarshenta tsagewa. Sa a auna tazarar mazauni biyun sau biyu: tayar na rataye, da kuma lokacin da motar ta kusa zama kan robar. In robar ta faɗi tuntuni, a mai da ita.

Sabon shokazoba mai ƙarfi yana ƙara wa mazauni aiki. Saboda haka a wanke laka, a haska da tocila, a nemi tsatsa da siririn tsagu a gindin walda. A canza bushi, domin sau da yawa ƙarar "kwas-kwas" da kake ji daga robar da ta cinye take fitowa, ba daga shokazoba ba. In ramin kusoshi ya faɗaɗa, a gyara shi, kada a cusa wani ɗan ƙarfe a ce Allah ya kiyaye.

In walda ta zama dole, a cire shokazoba tukuna, domin mai gas ba ya shiri da wuta, a kwance kan batir, a kula da tankin mai da wayoyi. A ɗora faranti mai faɗi da zai raba nauyi a jikin shasi, ba a tara ɗigon walda a kan tsohon tsagu ba. Kuma kada a ƙarasa ɗaure noti mota na kan jak. Sai an sauke ta ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba bushin zai zauna a murɗe ya yage da wuri.

Gargaɗi ga masu Hilux ƙirar 2005 zuwa yau: a gaba sifirin mai naɗi ne ya zagaye shokazoba, kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fuska. Kada ka bar wanda ba shi da abin matse shi ya kwance. In an gama, a kai ta a daidaita tayoyin gaba.

Bayan mako guda kana aiki, koma a sake ɗaure kusoshin. Lokacin wannan gyara kuwa shi ne ƙarshen damina, kafin a fara yankan gero, ba ranar da buhuna ke jira a bakin gona ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Uwargida, ke ma in kin ji motar gidanku na wannan tsalle ranar da kuka fita unguwa da yara, ki tuna wa maigida. Direbobi da makanikai kuma, ku gaya mana a ƙasa wane iri ne ya fi daɗe muku a hanyar ƙauyenku.