Matar tsohon soja, ki kula da kanki

Ƴar'uwa mai karatu, wannan darasi naki ne. In ba naki ba ne, to na maƙwabciyarki ne.

Tun daga shekarar 2015, sojojin Nijar sun yi ta gwabzawa da ƴan Boko Haram a jihar Diffa. Waɗansu sun gama aiki, sun komo gida. Jiki ya komo, amma hankali yana can. Sai mutum ya zabura cikin dare. Ƙarar babur ta razana shi. Abu kaɗan, sai faɗa.

Wa ke ɗaukar wannan kaya? Ke ce. Ba ki barci. Gabanki na faɗuwa. Kina ɓoyewa don kar a ji. To ki sani, wannan ba aljanu ba ne, ba kuma rashin haƙuri ba ne. Gajiyar zuciya ce.

Akwai wata dabara, tattara hankali wuri guda. A shekarar 1979 wani malami a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya fara koyar da ita ga marasa lafiya. Ke ma kina iyawa, ba ko dala.

Bayan sallar asuba, kafin ki tafi rijiya, ki zauna bisa tabarma minti 5. Ki bi numfashinki, yana shiga, yana fita. Tunani zai zo: hatsin rumbu, fushin maigida. Kada ki yi kokawa da shi. Hankali kamar akuya ne. In ya nufi gonar wani, ki jawo igiya sannu, ki komo ga numfashi. Ko sau goma ne, ba laifi. Tsoro yana sa zuciya bugu da sauri. Numfashi a hankali yana kwantar da ita.

Amma fa dabarar ba ta warkar da maigida, ba ta maye gurbin magani. In kin yi mako 2 ba barci, ko kuka ya yi yawa, ko ana dukan ki, kar ki yi shiru. Ki gaya wa wadda kika amince da ita. Ku tafi likita nan Gidan Sori, ko Gidan Runji, ko babban asibitin Maraɗi. Kar ki sayi ƙwaya hannun masu talla.

Gobe da asuba ki gwada.

Tambayoyi
1. Me ke hana matar tsohon soja barci?
2. Yaushe ya kamata a tafi likita?