Agogon Kwamfuta Na Komawa Baya? Ba Bairos Ba Ne

A shagunan buga takardu da cike fom na cikin garin Sakkwato, musamman lokacin rajistar JAMB, kukan ɗaya ne: an kunna kwamfuta da safe, ta nuna wata shekara da ta shuɗe tuntuni, shafukan intanet kuma sun ƙi buɗewa. Nan take sai a yanke hukuncin cewa bairos ne, a kai wa mai gyara ya yi fomatin, a goge takardun jama'a, a biya kuɗi. Kashegari matsala na nan daram.

Wannan asarar tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mai laifin ɗan batir ne da bai fi kwabo girma ba. Sunansa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, yana maƙale a jikin babban allon da ke cikin injin. Shi ne mai gadin da ke kwana ido biyu bayan mutanen gida sun yi barci: an kashe kwamfuta, an ɗauke wuta, shi yana ci gaba da ƙirga lokaci. Ranar da ya mutu, ƙirga ta tsaya. Yawancin kwamfutocinmu kuwa na hannu ne, sun ci shekarunsu a Turai kafin su iso, ga ɗaukewar wuta da ke barin batirin da aiki shi kaɗai, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage masa kwana. Shafukan da suka ƙi buɗewa ma lafiyarsu lau, takardar shaidar tsaronsu ce ba ta dace da kwanan watan da injin ke nunawa ba.

Amma a lura da irin kuskuren kafin a kwance injin. In awa ɗaya cif ko awoyi cif agogon ke saɓawa, an bar shi ne a kan lokacin wata ƙasa, kamar Ingila ko Amurka. A mayar da shi na Nijeriya, wato awa ɗaya gaba da GMT. In kuwa 'yan daƙiƙoƙi yake zubarwa kullum, ɗan dutsen cikinsa ne, mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, wanda zafi ke rage wa sauri. Maganin wannan a bar Windows ta riƙa saita lokaci ta intanet.

Abin da ya fi damuna shi ne ofisoshin da ake jibge kwamfutoci a sito da sunan sun mutu, a rubuta takardar neman sababbi, alhali babu wanda ya kwance murfi ya duba batirin da ake samu a teburin mai gyaran agogo a kasuwa.