GUDU A TURBAR KARKARA BAYAN SHEKARA 50: ABIN DA YA KAMATA KA SANI KAFIN KA ƊAURA TAKALMI

Mai karatu, a ƙasar Hausa idan aka ga dattijo yana gudu, abin da ake fara tambaya shi ne, "Lafiya?" Mun saba ɗaukar gudu a matsayin wasan yara ko aikin soja. Amma yanzu da hawan jini da ciwon suga suka yawaita, likitoci na yawan ba magidanta shawarar motsa jiki, har wasu sun wuce tafiya sun koma sassarfa, wasu ma na sha'awar shiga gasa. Wannan bayani domin su ne, musamman iyayenmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda mafi yawan hanyoyin da ƙafa ke bi turbar gona ce da burtali da gefen dutse.

Mai shekara 50 ko 60 zai iya gudu a irin wannan hanya, har ya shirya wa gasa, matuƙar an duba zuciyarsa tukuna, ya bi a hankali, ya kuma san inda yake jefa ƙafa.

SHIN TSUFA NA HANA GUDU?

Ba ya hanawa. A shekarar 2003 wani mutumin Kanada mai suna Ed Whitlock ya kammala gudun famfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa 3 yana da shekara 72, ya kuma sake yin sa a 2016 cikin ƙasa da awa 4 yana da shekara 85. A wasannin guje-guje na duniya akwai rukunin manya da ke farawa daga shekara 35, ana kasa su shekara biyar-biyar, don kowa ya kara da tsararsa.

Masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fara bibiyar masu gudu 538 'yan shekara 50 zuwa sama tun 1984, suna kwatanta su da tsararrakinsu da ba sa gudu. Bayan shekara 19, kashi 15 cikin 100 na masu gudun ne suka rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 34. Masu gudun sun fi daɗewa suna yi wa kansu hidima, kuma ba a ga gwiwarsu ta fi ta sauran lalacewa ba. Rai na hannun Allah, amma wannan ya isa ya nuna cewa zaman wuri ɗaya ya fi gudu cin jiki.

Duk da haka jikin ɗan shekara 60 ba na ɗan 25 ba ne. Tsoka na raguwa tun daga shekara 30, raguwar kuma na ƙaruwa bayan 60. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, na rage laushi. Ciwon da saurayi zai warke cikin kwana biyu sai ya ɗauki dattijo mako guda. Ƙishirwa ma ba ta saurin sanar da kanta. A kan waɗannan canje-canje ake gina atisayen manya.

FARA DA ASIBITI

Babban haɗarin gudu ga wanda ya manyanta shi ne ciwon zuciyar da bai san yana da shi ba. Jijiyar da ke shayar da zuciya jini kan tsuke a hankali tsawon shekaru ba tare da alama ba, sai ranar da aka matsa mata. Saboda haka kafin ka fara, je babban asibiti mafi kusa, ko na Ƙanƙara ko na Funtuwa, a auna maka jini da suga da nauyi, a saurari ƙirjinka. Idan likita ya ga dama zai sa a ɗauki hoton bugun zuciya da ake kira ECG, ko ya turo ka asibitin koyarwa.

Faɗa masa gaskiya idan kana shan taba, ko wani a gidanku ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya, ko kana jin nauyi a ƙirji idan ka hau tudu. Awon jini da ya kai 140/90 yana bukatar kulawa. Idan ya kai 180/110, babu gudu sai ya sauka.

Tafi da magungunanka a gani. Maganin hawan jini mai sa yawan fitsari na saurin ƙarar da ruwan jiki. Irin su atenolol na rage bugun zuciya. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin kuwa sugansa na iya faɗuwa a tsakiyar hanya, ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi da jiri. Kada ya fita da yunwa, ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, ya kuma duba tafin ƙafarsa duk dare, don ƙaya na iya shiga bai ji ba.

BAMBANCIN TURBA DA KWALTA

Turba ta fi kwalta taushi, ta kuma raba ka da mota. Fauja Singh, dattijon nan ɗan asalin Indiya da ya kammala gudun famfalaki a Toronto a 2011, ana ƙiyasta shekarunsa 100, mota ce ta buge shi a kan titin ƙauyensu ya rasu a watan Yulin 2025. Duk mai sassarfa da asuba a gefen hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wajen Mairuwa ko Sheme ko 'Yankara, ya tuna da wannan: ya fuskanci motocin da ke tahowa, ya sa tufa mai haske.

Amma turba na da nata sharuɗɗan. Ƙasar kudancin Katsina tudu da gangare ce, ga tsakuwa, ga marmara, ga tushiyar kara bayan girbi. Rage faɗin takunka, idonka na kallon taku uku ko huɗu a gaba. Idan hawa ya yi tsanani koma tafiya, ba abin kunya ba ne, gwanayen gudun dutse ma haka suke yi. Gangare shi ne mai cin gwiwa da cinya, domin tsoka na aikin birki ne, shi ya sa ciwonsa ke fitowa bayan kwana ɗaya ko biyu. Sauka da gajeren taku, kada ka saki jiki.

Silifas ba na gudu ba ne. Nemi kambas mai kaurin ƙasa da zane mai kama ƙasa, ko da na gwanjo ne, wanda ya bar faɗin yatsa guda a gaban babban yatsanka, ka sa shi da safa. Idan ka daɗe rabonka da allurar rigakafin tetanus, a yi maka.

Maciji ma na bin turba, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Kada ka ratsa ciyawa mai duhu, kada ka fita kafin ido ya ga ƙasa. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take.

MAGANAR TSARO

Ba sai an tuna wa mutumin wannan yanki abin da ya sha a hannun 'yan bindiga ba. Sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ya isa misali. Babu motsa jikin da ya kai ranka daraja. Tsaya a turbar da ke kewayen gari, inda ake ganinka. Ku fita ku uku ko huɗu, a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku, ka kuma ji ta bakin mai unguwa da 'yan sintiri kafin ka bi sabuwar hanya. Ranar da hankali bai kwanta ba, filin ƙwallon makaranta ya wadatar, tudu ɗaya na cikin gari kuma ana iya hawansa sau biyar.

YADDA ZA KA SHIRYA WA GASA

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2. Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 don gudun faɗuwa.

Gasa kuwa akwai ta a ƙasar nan. An fara gudun hawan dutse na Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005, na kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo a 2013, gudun famfalaki na Legas a 2016, Kaduna ma ta yi nata a Nuwamban 2020. Kai dai fara da burin kilomita 5. Ga tsarin mako 12:

Mako na 1 zuwa 4: tafiya da sauri, minti 30, kwana 5 a mako. A mako na 3 shigo da ƙaramin tudu.

Mako na 5 zuwa 8: sassarfa minti 1, tafiya minti 2, sau 10, kwana 3 a mako, da hutun kwana guda a tsakani. Duk mako ƙara rabin minti a kan sassarfar.

Mako na 9 zuwa 11: sassarfa minti 4 zuwa 5, tafiya minti 1, sau 6. Rana ɗaya a mako ta zama a irin ƙasar da za a yi gasar.

Mako na 12: rage aikin da rabi, ka huta kwana 2 kafin ranar.

Kowane fita ya fara da tafiyar minti 10 don jiki ya ɗumama, ya ƙare da ita. Idan mako ya yi maka nauyi, maimaita shi. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya riƙe kilomita 5 na wata uku lafiya, shi ne zai yi tunanin 10.

Ma'aunin sauri mafi sauƙi shi ne magana. Idan kana iya hira da abokin gudunka, daidai kake. Idan kalma ɗaya-ɗaya ke fita, sassauta. Mai son lissafi ya cire shekarunsa daga 220. Ga ɗan shekara 60 ya zama 160, kuma bugunsa kada ya wuce kamar 136 a minti, wato 34 a daƙiƙa 15. Wannan ƙiyasi ne kawai, kuma ba ya aiki ga mai shan atenolol.

A ranakun hutu ka ƙarfafa ƙafa: tashi daga kujera ba dafawa sau 10, ɗaga dunduniya ka tsaya kan yatsu sau 15, hawa da sauka dakali sau 10 kowace ƙafa, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kusa da bango. Waɗannan su ne garkuwar gwiwa da idon sawu daga targaɗe.

YANAYI, RUWA DA ABINCI

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, don haka gudu sai da sassafe. Da hunturu ƙura na tayar da asma, jiki kuma na daɗewa bai ɗumama ba. Da damina dutse da laka na santsi. A watan azumi bar gudun sai awa biyu bayan buɗe baki, ko ka koma tafiya.

Sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe gora idan za ka wuce minti 45. Duk kilo 1 da ka rage bayan gudu kusan lita 1 ce ta ruwa da jiki ke bin ka. Fitsari mai haske alamar ruwa ya isa ne. Tsoka kuma na bukatar abin gini: wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi, fura da nono. Guji shan ibuprofen ko diclofenac kafin gudu, domin haɗuwarsu da ƙarancin ruwa na cutar da ƙoda. Haka nan tramadol da haɗin ƙarin kuzari da ake tallarsa a kasuwa.

GA IYAYENMU MATA

Hajiya, wannan magana har da ke. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashi na saurin rage ƙwari, tafiya da sauri da sassarfa kuma na taimaka masa. Abin da mu ungozomomi muka fi ji daga mata shi ne ɗigar fitsari idan an yi tari ko tsalle, musamman ga wadda ta haihu da yawa. Kada kunya ta hana ki faɗa, yana da magani. Matse tsokar ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga 5, ki saki, sau 10, sau 3 a rana, har wata 3. Idan kina jin nauyi ko wani abu na saukowa ta gaba, ko kin ga jini bayan al'ada ta ɗauke, zo a duba ki kafin ki fara. Ba dole sai kin fita turba ba. Tsakar gida mai faɗi, ko filin makaranta tare da 'yan uwa mata, ya isa.

ALAMOMIN DA ZA KA TSAYA NAN TAKE

Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi. Numfashin da ya ƙi daidaita bayan ka tsaya. Jiri, duhun gani ko suma. Bugun zuciya mai tsalle-tsalle. Fitsari mai launin shayi bayan gudu. Idan kuma abokin gudunka ya rikice yana sambatu a cikin zafi, kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Duk waɗannan ba na "bari mu ga gobe" ba ne.

Ciwon tsoka na kwana biyu ba komai. Ciwon gaɓa mai kumburi, ko mai sa ɗingishi, ko wanda ya wuce mako guda, a kawo shi a gani.

KAMMALAWA

Mai karatu, kakanninmu sun ci kasuwar Sheme da ta Funtuwa a ƙafa, mafarauta kuma sun wuni suna sassarfa a bayan karnukansu. Jikinka bai manta ba, lallaɓawa yake so. A wannan makon je a auna jininka, nemi abokan tafiya biyu, ku fara da minti 30. Idan ka dawo ganin likita, zo da labarin yadda ta kasance. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya, amin.