Kwalbar "0.0": Me Musulmi yake saya idan ya sayi giyar da aka cire wa barasa?

 

Ranar 18 ga Nuwamban 2022, saura kwana biyu a fara gasar cin kofin duniya a Ƙatar, aka sanar cewa ba za a sayar da giya a filayen wasa ba. Kamfanin Budweiser, wanda yake cikin masu ɗaukar nauyin gasar, bai naɗe tabarmarsa ba. Ya ci gaba da ciniki a filayen da gwangwanin Budweiser Zero: sunan nan ne, tambarin nan ne, ɗanɗanon ma an yi ƙoƙari ya zama shi ne, sai dai an ce babu barasa. Mun yi murna da hana giyar, kuma abin murna ne. Amma gwangwanin da ya maye gurbinta ya bar mana tambayar da a yau iyaye da ɗalibai suke tare mu da ita bayan salla, domin 'yan'uwansa sun iso manyan kantunan Kano da Abuja.

Kasuwar ba sabuwa ba ce. Saudiyya ta haramta giya a dokance tun 1952, Iran kuma bayan juyin juya halin 1979, sai ruwan sha'ir mara sa maye ya samu fili: Barbican da Moussy a ƙasashen Larabawa, Delster a Iran, Fayrouz a Masar. Manyan kamfanonin duniya ba su daɗe ba suka gane akwai kuɗi a wurin. A 2002 Heineken ya sayi kamfanin Al Ahram na Masar, mai yin Fayrouz, kuma ta wannan hanya ce ta iso Najeriya a hannun Nigerian Breweries. A ƙarshen 2011 Coca-Cola ya amince ya biya kusan dala miliyan 980 don mallakar kimanin rabin kasuwancin abin sha na Aujan, kamfanin Saudiyya mai Barbican. Waɗannan duka na kowa da kowa ne, kuɗinsu bai fi na lemon kwalba da yawa ba.

Abin da yake sabo shi ne na masu hali. A otal-otal na Dubai da Riyad yanzu akan kawo doguwar kwalba a cikin bokitin ƙanƙara, a fasa murfinta da ƙara, a zuba a kofi mai siririyar ƙafa, a kuma karɓi kuɗin da ya kusa na shampen na gaske. Masu giya da kansu ne suke zuba jari: Diageo, mai Guinness, ya mallaki mafi yawan hannun jarin Seedlip a 2019, Moët Hennessy kuma ya shiga French Bloom a 2024. Matasa masu kuɗi, a ƙasashen da giya take haramun ko abin kunya, su ne irin masu sayen da ɗan kasuwa yake mafarkin samu.

To me ya sa kwalbar take da tsada haka, alhali an ce an rage mata wani abu ne? Amsar tana cikin yadda ake yin ta, kuma nan ne hukuncin yake. Akwai abin shan da ba a taɓa barinsa ya tsimu ba: a jiƙa sha'ir ya tsiro, a dafa, a tace, a sa sukari da iskar gas, ko kuma a matse inabi a rufe shi nan take. Wannan bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda ake sa masa yis a bar shi ya zama cikakkiyar giya, sannan a cire barasar, ko dai ta hanyar ɗumama shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska har barasar ta tashi ba tare da ƙamshin ya ƙone ba, ko ta hanyar tura shi da ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Yawancin masu tsadar nan ta hanya ta biyu ake yin su, domin ɗacin nan da ƙamshin nan da mashayi ya sani ba sa samuwa sai an bi ta giya. Wato ƙarin kuɗin da mutum yake biya, na kamanni da giya ne.

Rubutun da ke jikin kwalba ba ya raba waɗannan biyun. A Amurka da ƙasashen Turai da dama, abin da barasarsa ba ta kai kashi 0.5 cikin ɗari ba ana iya kiransa mara barasa. "0.0" ya fi wannan tsanani, amma ko shi labarin abin da ya rage a kwalba yake bayarwa, ba labarin hanyar da aka bi ba.

Game da ɗan ragowar, ba ma ganin wurin tsanantawa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito ƙa'idar cewa abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma malamai sun bayyana cewa ana duba abin shan ne ɗungurungum: idan za a cika ciki da shi ba a bugu ba, ƙa'idar ba ta hau kansa ba. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi yana sha har zuwa yammacin kwana na uku, daga nan a bayar ko a zubar. Duk uwargidan da ta taɓa barin kunun zaƙi ya kwana a lokacin zafi ta san abin da ake gudu a nan, kuma ba mu ji malamin da ya haramta kunun safe saboda abin da zai iya zama jibi ba.

Matsalar tana wajen wanda ya fara zama giya. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta halatta. Sun saɓa idan mutum ne ya juya ta da gangan: Hanafawa sun halatta, Shafi'awa da Hambalawa sun hana, daga Imam Malik kuma an samu ruwaya fiye da ɗaya. Hujjar masu hanawa ita ce Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) game da giyar da wasu marayu suka gada, aka umarce shi ya zubar, ya nemi izinin mayar da ita khal, aka hana shi, duk da cewa dukiyar marayu ce. Masu sauƙaƙawa a wannan zamani suna cewa dalilin haramcin shi ne maye, kuma ya gushe. Akwai ma hukumomin ba da shaidar halal da suka sa hatiminsu a kan irin waɗannan kwalabe. Ba mu raina wannan fahimta ba, amma ba ta kwanta mana ba. Giyar marayun nan tarar da ita aka yi, ba nema aka yi ba. A nan kuwa an dafa giya da niyya, tanki bayan tanki, kuma hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya haɗa da mai matse ta da wanda aka matse dominsa. Ayar Suratul Ma'ida ta 90 ma da lafazin nisanta ta zo, wanda ya fi hana sha faɗi.

Ƙasashen da suka fi kowa tsari a harkar halal nan suka tsaya. A 2011 kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya yanke cewa lemon da ba a yi shi don giya ba, in barasarsa ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba, ya halatta, amma wanda aka yi da niyya da hanyar yin giya haramun ne ko da an cire barasar. Da Heineken 0.0 ta shiga ƙasar a 2019, kamfanin da bakinsa ya ce ba halal ba ce, don waɗanda ba Musulmi ba aka yi ta. Majalisar Malaman Indonesiya kuwa, tun fatawarta ta 2003, ba ta ba da shaidar halal ga abin da sunansa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa yake kwaikwayon haram.

Wannan batu na kwaikwayo tsoho ne. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya yi maganar mutanen da za su ƙawata majalisi, su jera kofunan mashaya, su zuba abin sha na halal, su sa mai zagayawa da shi, suna gaisa juna da kalaman mashaya. Ya ce hakan haramun ne ko da abin shan halal ne. Wanda ya ga yadda ake girgiza kwalba a wasu bukukuwanmu, ango da amarya suna haɗa kofi, abokai suna ihu, zai yi zaton Gazali ya halarta. Mafi yawan kwalaben da ake kira "wayin" a bukukuwan nan ruwan inabi ne da gas, ba mu da ja a kan shan su. Abin da muke ji wa tsoro yaron da yake kallo ne, wanda ya tashi ya san siffar kwalbar da sunan kamfanin da yadda ake riƙe kofin, har ya zama tsakaninsa da ta gaske lamba ɗaya ce a jikin takarda.

Sai maganar aljihun da kuɗin yake shiga. Maltina da Malta Guinness da Fayrouz duk na kamfanonin giya ne, kuma ba mu ce sayen su haramun ne ba, domin Annabi (SAW) ya yi ciniki da waɗanda dukiyarsu take cakuɗe, kayan kuma halal ne a kan kansu. Wanda ya bari don tsantseni ya kyauta, amma kada ya zargi maƙwabcinsa. Kwalbar da take ɗauke da sunan giya da tambarinta daban take: duk wanda ya ajiye ta a kan tabarmar baƙinsa ya zama allon talla na kyauta.

Ga mai zuwa kanti, abin dubawa jerin kayan haɗi ne a bayan kwalba, ba manyan lambobin gaba ba. Idan an rubuta da Turanci ko Larabci cewa an cire barasa daga giyar inabi ko ta sha'ir, to ta hanya ta biyu aka bi, kuma shawararmu a bar ta. Idan ruwan 'ya'yan itace ne ko na sha'ir da sukari da gas, to sauran magana ta likita ce, domin sukarin da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha ne ya sa Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ɗora musu harajin kashi 50 cikin ɗari a 2019. Wallahu a'alam.